Shafin Salome a Littafin Dattawa

Kolere, Mubi, Jihar Gongola
9 ga Yuni, 1986

Zuwa ga Mai Girma Malam Yaji, Mataimakin Sakatare a ofishin Babbar Majalisar Ikkilisiya, Yola, da kuma ta hannunsa zuwa ga dukan shugabannin da aka ɗora bisa kanmu, Shugaban Majalisa da Sakatare da sauran iyayenmu cikin aikin Ubangiji.

Ranka ya daɗe, Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ina fatan kana lafiya, da Inna Margret, da yara duka. Mu ma nan lafiya muke, sai ƙafar mahaifiyata da ke kumburi tun saukar ruwan fari. Ko da yake sau biyu kaɗai muka taɓa haɗuwa, na biyun a jana'izar kakata wadda take yayar mahaifinka, na tabbata ba ka manta da ni ba. Ni ne Vandi Tizhe, wanda ya riƙe maka laima a bakin kabari.

Wannan wasiƙa da hannuna na rubuta ta, ba wanda ya taya ni. Na gama ajin yaƙi da jahilci bara, na zo na biyu cikin mutum ashirin da uku, kuma wanda ya zo na ɗaya ya taɓa shiga firamare yana yaro, saboda haka da yawa suna cewa ni ne na ɗaya na gaskiya. A watan Maris dattawan ikkilisiyarmu suka naɗa ni magatakarda, suka damƙa mini littafin majalisa mai baƙin bango da alƙalami biyu.

A kan wannan matsayi nake sanar da ku wata magana mai nauyi. Matar Fastonmu, Fasto Jibrilla, ta tafi garinsu haihuwa, sai Zumuntar Mata suka raba kwanaki kamar yadda aka saba, kowace mace da ranar da za ta ɗebo ruwa ta share gidan Fasto. Ranar Laraba, 28 ga Mayu, ta faɗo kan Salome, gwauruwar marigayi Tumba, mai 'ya'ya biyu ƙanana. Salome ta ce da hantsi tana cikin shara Fasto ya kira ta ɗaki ta kwashe kwanuka, ya rufe ƙofa, ya fi ƙarfinta, ya yi mata abin da ban ga ya dace in sa sunansa a takardar da manya za su karanta ba. Mama Ƙauna, shugabar Zumunta, da Alice maƙwabciyarta suna dawowa daga mayo, wato rafinmu, suka gan ta ta fito ba ɗankwali, rigarta a yage, ta bar bokitinta a can.

Ranar Asabar ta zo gaban dattawa ta faɗi haka duka. Fasto bai halarta ba, an ce zazzaɓi ya kama shi, Dattijo Kwaji ne ya zauna a kujerarsa. Da yake karo na farko ke nan da irin wannan magana ta zo hannuna, ban yi gaggawa ba. Na buɗe shafuffukan baya, na duba yadda magatakardan da ya riga ni ya riƙa rubuta maganar mace da namiji har shekara tara, na tarar duka tsari ɗaya ne. Sai na bi shi daidai, kamar yadda malaminmu ya koya mana bin abin da ke kan allo: “Ni Salome na zo gaban dattawa da kaina, na furta cewa na faɗi cikin zunubi da Fasto Jibrilla, ina roƙon gafara.” Gama maganar baki daban ce, maganar littafi daban, wannan kuwa sai wanda ya yi karatu yake ganewa. Ta sa babban yatsanta a shafi na arba'in da ɗaya. Ban samu karanta mata ba, domin hadari ya taso kuma kowa yana da shuka a gona.

Washegari aka sanar cikin sujada cewa an sa ta a horo wata shida, wato ta koma benci na baya, kada ta ci Jibin Ubangiji, kada ta sa kayan Zumunta. Dattijo Kwaji ya ce wannan don a kwantar da hankalin jama'a ne kawai kafin ku hukunta Fasto, tun da mu dattawan ƙauye ba mu da iko a kan wanda aka ɗora wa hannu aka naɗa shi Fasto.

Ga kwafin shafin na haɗo. Ina roƙo cikin ladabi a sa ranar da za a kira Fasto, a sanar da ni da wuri domin in shirya littafi. Ɗahiru, direban motar shanu, shi zai kawo, kuma yana dawowa Mubi duk mako biyu.

Ɗanka mai biyayya,
Vandi Tizhe, Magatakarda

Yola
1 ga Yuli, 1986

Ɗana Vandi,

Na gode da gaisuwa, muna lafiya. Innarka ta ce a riƙa ɗora ƙafar tsohuwa a kan matashi, a rage mata gishiri. Na tuna ka sarai. Rubutunka ya yi kyau ƙwarai, har na nuna wa mai buga mana tafireta, ta ce ba za a ce sabon hannu ba ne.

Kwafin ya iso, na sa shi a fayil. Amma ka sani, abin da ka aiko furci ne, ba ƙara ba. Kwamitin da ke duba halin ma'aikata ba ya zama sai an shigar da ƙara a rubuce. Furci kuwa a kan mai shi yake tsayawa, ba ya kama wani. A takardar nan ba inda aka ce an tilasta wa kowa, ba ƙofa, ba riga, ba Mama Ƙauna. Abin da ka ba ni labari a wasiƙa na ji shi a matsayin kawunka, amma ofis ba ya aiki da wasiƙar zumunci, da littafi yake aiki.

Ban da haka, Fasto Jibrilla ya riga ka rubutowa. Ya ce matar ta daɗe tana bibiyarsa, ya tsawata mata, shi ya sa ta ƙaga masa magana. Takardarsa tana da hatimi.

Shawarata ita ce ka yi haƙuri, ka riƙe aikinka da kyau. Ba kowa ne a danginmu ya kai magatakarda ba. In Ɗahiru zai taso ka aiko mana da busasshiyar kuɓewa, ta nan ba ta da yauƙi.

Kawunka,
Yaji

Kolere
21 ga Yuli, 1986

Ranka ya daɗe, Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ƙafar tsohuwa ta yi sauƙi, mun gode wa Inna. Ga kuɓewa nan a hannun Ɗahiru.

Ba zan ɓoye maka ba, da na fara karanta amsarka raina ya ɓaci, domin na ɗauka aikina kake kushewa. Kwana biyu ina cewa a zuciyata mutanen Yola ba su san wahalar riƙe alƙalami a ƙauye ba. A rana ta uku na ɗauki littafin na tafi gidan Salome da niyyar in karanta mata, ta tabbatar da bakinta cewa na rubuta daidai, in aiko maka da shaida. Na same ta tana gyaran gyaɗar shuka, Mama Ƙauna tana taya ta. Na tsaya tsaye na karanta da murya mai kyau, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Da na gama, ta ce in sake. Na sake. Sai ta ajiye faifan, ta ce, “Malam Vandi, da kunnenka ka ji ni. Na ce ya rufe ƙofa. Ina ƙofar a cikin takardarka? Gafarar me na roƙa?”

Na fara yi mata bayanin bambancin maganar baki da ta littafi, amma bayanin bai fito yadda na saba fitar da shi ba. Mama Ƙauna ta ce lokacin da ban iya rubutu ba, in an aike ni Mugulbu da saƙo ina kai shi yadda aka ba ni, ashe karatun ne ya zo ya toshe mini kunne. Ta faɗi wasu maganganu kuma a kan alƙalamina waɗanda ba zan maimaita ba.

A nan na ji abin da ya fi wannan. Zira, wan marigayi mijinta, wanda ke zaune a Mugulbu, ya aiko cewa da an girbe dawa zai zo ya ɗauki yaran biyu. Ya ce macen da ta sa yatsanta a kan cewa ta yi zunubi, tun ba a yi wa ƙanensa shekara a ƙasa ba, ba za ta riƙe masa jini ba. Ba wanda zai hana shi, domin abin da aka karanta a sujada kowa ya ji. Kawu, babbar shekararta biyar, ƙaramin ko yaye shi ba a gama ba.

Ranar Asabar na kai maganar gaban dattawa, na roƙa a gyara shafin. Dattijo Kwaji ya ce shafin da aka sa wa yatsa ba a yage shi, ba a kuma goge shi. Na ce to, a buɗe sabon shafi ta shigar da ƙara, kamar yadda ka ce ofis yana bukata. Fasto Jibrilla, wanda ya warke ya koma kujerarsa, ya amsa cikin sanyin murya cewa wanda ke cikin horo ba shi da baki a gaban dattawa sai horonsa ya ƙare. Na tambaya wa ke ɗauke horon. Aka ce Fasto, in ya ga alamar tuba. Na tambaya yaya ake ganin alamar. Aka ce mai horo yakan je wurin Fasto kowace Jumma'a a yi masa gargaɗi, su biyu. Salome ta ce ko za a kore ta daga ikkilisiya ba za ta taka gidan nan ba. Fasto ya ce in rubuta cewa ta taurare, kuma mai yiwuwa a ƙara mata wata uku. Na ce alƙalamina ya ƙafe. Ya miƙo mini nasa. Na rubuta kwanan wata kawai.

Saboda haka ina tambaya, da girmamawa: idan ba ta da baki sai ya ba ta, kuma ku ba ku ji sai ta yi magana, ta wace hanya maganar za ta iso gare ku? Na duba littafin daga bango zuwa bango ban ga tsarin da zan bi ba. Ka aiko mini da shi, ko layi uku ne, zan kwafa daidai.

Ɗanka,
Vandi Tizhe, Magatakarda

Kolere
25 ga Agusta, 1986

Ranka ya daɗe, Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai ruwa da ya yi yawa har hanyarmu ta zama taɓo. Yau mako biyar ke nan ban ga amsarka ba. Sau biyu na tura kekena cikin laka har tashar shanu na tsare Ɗahiru, ya rantse ya damƙa maka wasiƙar hannu da hannu, har ka ba shi ruwan sanyi. Ina so in ɗauka aiki ne ya yi maka yawa. In kuwa wata kalma ce a takardata ta ɓata maka rai, ka yafe, har yanzu ina koyon yadda ake rubuta wa manya.

Na je cikin gari wurin babban Fasto mai kula da yankinmu. Na zauna a barandarsa tun safe har rana ta karkata. Da ya fito ya yaba mini da himma, ya ce maganar tana Yola. Kai kuma ka ce ba ta iso Yola ba. Ban san inda take ba.

Jiya aka karanta takarda daga ofishinku cewa an yi wa Fasto Jibrilla canjin wuri. Da na ji farkon takardar na ɗauka hukunci ne ya zo, har na gyara zama. Ashe wata ikkilisiya za shi wadda ta fi tamu girma sau uku, inda aka ce akwai ajin ɗinki na 'yan mata a cikin harabar. Ba a ambaci dalili ba. An sa ban kwana ranar 14 ga Satumba. Zumuntar Mata an ce su shirya waƙa, Mama Ƙauna ta ce maƙogwaronta yana ciwo kuma zai ci gaba da ciwo har ranar.

Ni kuma dattawa sun ba ni aikin rubuta jawabin ban kwana, in karanta shi a gaban jama'a da baƙi daga gari. Kawu, zan faɗa maka gaskiya domin kai uba ne. Ban taɓa karanta abin da na tsara da kaina a gaban taro ba, kuma akwai waɗanda har yau suke cewa ba ni nake rubuta wasiƙuna ba. Na ce musu zan yi tunani, amma na riga na cika shafi ɗaya da rabi.

Dawa ta fara fitar da kai. Salome tana zuwa sujada kowace Lahadi, ta zauna a baya da yaranta, ta fita kafin a tashi. Ba ta ƙara gaishe ni ba. Ina jiran amsarka kafin ranar.

Ɗanka,
Vandi

Yola
2 ga Satumba, 1986

Ɗana Vandi,

Wasiƙunka biyu suna hannuna. Mun yi taron ma'aikata na shekara, shi ya hana ni sukuni. Ba ka ɓata mini rai ba.

Tsarin da kake nema babu shi. Ka daina wahalar da kekenka. Canjin wuri shi ne yadda Majalisa take kashe irin wannan wuta, kuma ba yau aka fara ba. Shi wannan Fasto naku, a inda ya yi aiki kafin ya zo wurinku, cikin 1981, wani uba ya kawo kuka a kan 'yarsa da ke ajin baftisma. Ni da hannuna na karɓi takardar mutumin, na kai ciki. Aka yi addu'a, aka yi masa canji zuwa Kolere, yau ba mai tuna maganar, ikkilisiyar tana nan da ƙarfinta. Na faɗa maka wannan ne domin ka san yadda ake yi.

In aka tone kowace magana a fili, waɗanda ba sa tare da mu a kasuwar Mubi za su samu abin dariya, kuma ma'aikata ba su ishe mu ba. Sabon Fasto zai zo farkon Oktoba, in matar ta kwantar da kai zai ɗauke mata horo kafin Kirsimeti. Maganar yara kuwa ta dangi ce, ba ta ofis ba. Ka karanta jawabinka da kyau, ka ɗaga murya, kada ka yi sauri.

Kawunka,
Yaji

Kolere
17 ga Satumba, 1986

Ranka ya daɗe, Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Motar Ɗahiru ta lalace a hanya, wasiƙarka ba ta same ni ba sai jiya, bayan an yi ban kwana da kwana biyu. Na karanta jawabin. Na ce Fasto makiyayi ne mai kula da tumakinsa, aka tafa mini sau uku. Ina cikin karantawa na ɗaga kai domin in ga ko na baya suna ji, na ga suna ji. Tun daga ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Fasto ya tafi Litinin, da akuya biyu da aka ba shi.

Amma wasiƙarka ta ƙarfafa mini gwiwa. Na karanta ta sau huɗu kafin in gane hikimarka. Ka ce ka faɗa mini domin in san yadda ake yi, kuma na sani yanzu: kai ba ka da damar yin magana daga cikin ofis, shi ya sa ka ba ni shekarar da abin ya faru, ka ba ni shaida, ka nuna mini cewa hannunka ya taɓa takardar. Ashe ba shaida biyu muke da ita ba, uku ce, ta ukun kuma babban mutum. Ban san yadda zan gode maka ba. Zan sa sunanka a inda ya dace da girmanka. Kirsimeti ya yi nisa, Kawu, dawa za ta nuna kafin nan.

Ɗanka,
Vandi

Yola
22 ga Satumba, 1986

Vandi,

Na ba wani mai zuwa Mubi yau wannan takarda domin kada ta jira Ɗahiru. Ba ka fahimce ni ba ko kaɗan. Ban ba ka shaida ba, ban ce ka sa sunana ko'ina ba. Cewa na yi ka yi shiru kamar yadda muka yi shiru. Abin da na gaya maka tsakanin uba da ɗa ne. Saura shekara biyu in ajiye aiki, ina so in fita da mutuncina. Ka mayar mini da waccan wasiƙar ta hannun mai kawo wannan. In ka ƙi, kada ka ƙara kirana Kawu.

Yaji

Kolere, Mubi
30 ga Satumba, 1986

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Babbar Majalisar Ikkilisiya, da Sakatare, da Kwamitin da ke duba halin ma'aikata, ta hannun Malam Yaji. Kwafi na biyu ya tafi ta gidan waya kai tsaye ga Shugaba, ko da wannan zai ɓata a hanya.

Ranku ya daɗe, da kai Kawu, gama ban san wani suna da zan kira ka da shi ba,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Lafiyata ƙalau. Kawu, takardarka ta same ni ranar Laraba, na gane cewa na yi maka mummunar fahimta, na kuma ji kunya, domin ina tsammanin na iya karatu fiye da haka. Na mayar da wasiƙarka kamar yadda ka umarta. Abin da ke cikinta kuwa na riga na sani, ba ni da yadda zan mayar da shi.

Ga abin da ya faru. Na zauna na lura cewa a ikkilisiyarmu ƙara tana da ƙofofi da yawa kuma duka a kulle suke, amma furci ba a taɓa hana kowa ba. Duk wanda ya ce yana da zunubi, dole dattawa su saurare shi, dole a rubuta, dole a karanta a sujada, dole a aiko muku da kwafi. Ni kuwa ba na cikin horo, bakina nawa ne. Ranar Jumma'a na hau keke zuwa Mugulbu na roƙi Zira ya zo sujada wurinmu ranar Lahadi. Ranar Asabar na gaya wa dattawa ina da furci. Dattijo Kwaji ya ɗauka giya ce, ya ce in faɗa a taƙaice. Na ce na riga na rubuta, gobe za su ji tare da kowa, tun da ni ne mai karantawa.

Ranar Lahadi, 28 ga wata, na tsaya na karanta shafi na arba'in da shida. Ga shi kamar yadda yake:

“Ni Vandi Tizhe na zo gaban dattawa da kaina, na furta cewa na yi shaidar ƙarya da alƙalami. Ranar 31 ga Mayu Salome ta faɗa a gabana cewa Fasto Jibrilla ya kira ta ɗaki, ya rufe ƙofa, ya yi mata fyaɗe, tana ƙi tana roƙonsa. Ba ta ce ta faɗi cikin zunubi ba, ba ta roƙi gafara ba. Ni na sa mata waɗannan kalmomi, na karɓi yatsanta ban karanta mata ba. Bayan na san haka kuma na tsaya a wurin nan na yabe shi domin a tafa mini. Ina roƙon gafara.”

Dattijo Kwaji ya miƙe tun ina tsakiya, amma ba a taɓa katse mai furci ba, sai ya sake zama. Ba wanda ya tafa. Bayan an tashi dattawa suka karɓe littafin da alƙalamin biyu, suka sa ni a horo wata tara, uku na ƙari domin kalmar da na faɗa a gaban yara. Ban yi gardama ba.

Zira ya daɗe tsaye a bakin majami'a. Daga baya ya zo ya ce mini, “Ashe ba ita ta faɗa ba, kai ka faɗa.” Na ce haka ne. Ya ce da ba a harabar Ubangiji muke ba da ya nuna mini yadda ake rubutu a jikin mutum. Sa'an nan ya je wurin Salome, wadda ranar ba ta fita da wuri ba, a gaban mutane ya ce yaran za su zauna da uwarsu, zai kuma aiko da masu taya ta girbi. Ita kuwa ta ɗauki yaranta ta wuce gida.

Amma har yanzu tana benci na baya. Dattawa sun ce Fasto ne kaɗai ke ɗauke horo, sabon bai iso ba, in ya iso ma sai ya tambaye ku. Wanda ya yi abin yana can yana wa'azi. Saboda haka nake roƙonku abu biyu: ku ɗauke horon da aka ɗora wa Salome bisa ƙaryata, ku kuma kira Fasto Jibrilla ku tambaye shi kafin ajin ɗinkin nan ya dawo daga hutu. Kun ce ofis da littafi yake aiki. Yanzu maganar tana cikin littafi, da yatsana a ƙarƙashinta, ko da yake na iya sa hannu.

Waɗanda suka shaida, kuma waɗanda suka yarda a sa sunansu sai da na karanta musu wannan takarda sau biyu kafin su yarda:

Mama Ƙauna, shugabar Zumuntar Mata, wadda ta ga Salome ta fito daga gidan, kuma rigar tana ajiye a akwatinta.

Alice, wadda take tare da ita, ita ce kuma ta koma ta ɗauko bokitin.

Dattijo Kwaji, wanda ya ji maganar Salome ta farko daga bakinta. Ya ce kada in sa shi, na gaya masa zan sa shi, domin yana wurin.

Zira na Mugulbu, wanda ya ji furcina.

Malam Yaji, Mataimakin Sakatarenku, wanda ya karɓi takardar wani uba a kan wannan Fasto cikin 1981, ya kai ta ciki da hannunsa. Bai yarda a sa sunansa ba. Ofishinsa yana kusa da naku, kuna iya tambayarsa.

Ni ne mai biyayya gare ku,
Vandi Tizhe